Yadda Ake Girbe Furen Lafinta da Shanya Shi Don Ƙamshin Gida

Da yawa daga cikinmu mun san kalmar lafinta tun muna yara, a matsayin sunan turaren kwalba da dattawa ke shafawa ranar Juma'a ko ranar Sallah, ba tare da mun taɓa ganin tsiron da sunan ya fito daga gare shi ba. Kalmar aro ce daga Turanci, ta shigo mana tare da kwalaben turaren, amma shi tsiron asalinsa busassun tuddai ne masu duwatsu na ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum, musamman kudancin Faransa da Sifaniya da Italiya. Ni kaina ban gan shi ido da ido ba sai da zama ya kai ni Ingila, inda na tarar da gindi huɗu a ɗan lambun bayan gidan da muka kama haya. A kansu na koyi abin da zan bayyana a nan, bayan na yi asarar girbin shekarar farko kusan gaba ɗaya.

Kafin a ɗauki almakashi, ya kamata a san inda ƙamshin yake, domin duk sauran aikin a kan wannan ya rataya. Tsiron gajere ne mai cunkoso, ganyensa siriri toka-toka, kuma idan lokacin furensa ya yi yakan fitar da dogayen sillaye, kowanne ɗauke da 'yar zangarniya da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba. Idan aka kusantar da ido, za a ga zangarniyar ta ƙunshi ƙananan ƙwayoyi masu siffar ƙwayar alkama, kuma daga bakin kowace ƙwaya ne ɗan lallausan fure mai launin shunayya yake leƙowa. Shi wannan lallausan furen bai daɗe a duniya, yakan buɗe ya yanƙwane ya faɗi cikin 'yan kwanaki. Mafi yawan man da ke ba da ƙamshi yana jikin ƙwayar ne, a cikin wasu ƙananan jakunkuna da ido ba ya iya rarrabewa, kuma abin da ake sayarwa a kanti da sunan busasshen furen lafinta waɗannan ƙwayoyin ne. Man yana da saurin tashi idan ya ji zafi, ƙwayar kuma tana da saurin ruɓewa idan ta zauna da danshi. Saboda haka abokan gaban mai wannan aiki biyu ne, rana da laima.

Yana da kyau kuma a san irin da ake da shi a lambu. Wanda ake kira lafinta na ainihi, wanda masana tsirrai suka sa wa suna Lavandula angustifolia, shi ne mafi taushin ƙamshi, kuma daga cikinsa ake samun Hidcote da Munstead, waɗanda suka ɗauki sunayen wasu sanannun lambuna biyu na Ingila. Akwai kuma lavandin, wanda barbara ce tsakanin na ainihin da wani ɗan'uwansa mai faɗin ganye. Shi ya fi girma, sillayensa sun fi tsawo, ya fi yawan mai, amma ƙamshinsa yana da kaifin kafur. Mafi shahara a cikinsa shi ne Grosso, kuma lavandin ne ya mamaye yawancin manyan gonakin da ake gani a hotunan tudun Valensole na yankin Provence. Faransawa sun ɗauki bambancin nan da muhimmanci, har a shekarar 1981 suka ba man lafinta na ainihi da ake nomawa a tuddan Haute-Provence, daga tsayin mita 800 zuwa sama, takardar shaidar asali ta musamman. A amfanin gida, ni a ganina na ainihi ya fi dacewa da matashin kai da kayan yara manya, lavandin kuma ya fi dacewa da akwatin tufafi, inda ake son ƙamshi mai ƙarfi da daɗewa. Iri na uku, mai wasu 'yan ganyaye a saman zangarniya kamar kunnen zomo, ado ne kawai na lambu. Ba ya ba da ƙwaya mai kyau, kada a wahalar da kai wajen shanya shi.

Mataki na farko shi ne gane ranar girbi, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke yin kuskure, domin zuciya tana so a bar furen ya cika ya yi kyau tukuna. A Ingila na ainihi yakan fara nuna launi daga ƙarshen Yuni zuwa cikin Yuli, lavandin kuma yakan biyo baya da 'yan makonni, amma kalanda ba ta isa abin dogaro ba, sai an riƙa duba zangarniyar kowace safiya. Furannin suna fara buɗewa ne daga ƙasan zangarniya su hau sama. Lokacin da ya dace shi ne sa'ad da ƙwayoyin suka kumbura suka yi launi sosai, kuma 'yan furanni kaɗan na ƙasa suka buɗe, sauran na rufe. Idan aka yi gaggawa aka yanka tun ƙwayoyin suna kore, ƙamshin zai yi rauni kuma za su motse. Idan aka yi jinkiri har furen ya buɗe duka ya fara komawa ruwan ƙasa, ƙwayoyin za su riƙa zubewa tun a hannu, launin kuma ba zai tsaya ba. Masu tatsar mai a gona sukan jira fiye da haka, amma su tukunyar tururi za su kai shi, ba ajiya za su yi ba. Ƙudan zuma ma alama ne: ranar da aka ga sun fara yawa a kan gindin, to a duba da kyau, lokaci ya yi ko yana dab da yi. Ba dole ba ne a girbe gindi ɗaya a rana ɗaya, domin sillayen ba sa nuna tare. Ana iya zagayowa sau biyu ko uku cikin mako.

Sai zaɓen sa'a. A yanka da hantsi, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta take. Kada a yanka bayan ruwan sama ko bayan ban ruwa, gara a jira kwana ɗaya ko biyu na bushewa, domin ruwan da ya maƙale tsakanin ƙwayoyin shi ne mafarin fumfuna. A ƙasa irin Ingila, inda ake iya yin mako ana yayyafi, wannan sharaɗi yakan sa mutum ya yi ta kallon sama kamar manomin da ke jiran shuka, amma idan aka samu busasshiyar safiya a kusa da lokacin, a yi amfani da ita ko da furen ya rage kwana ɗaya ya kai yadda ake so.

Kayan aikin ba su da yawa: almakashin lambu mai kaifi wanda aka goge shi da tsabta, ko ƙaramin lauje idan gindin na da yawa, da robar ɗaure kuɗi, da kwando ko faifai, da ƙugiya ko igiya. A tattara sillaye cikin tafin hannun hagu, a bi su zuwa ƙasa har inda ganye ya fara, a yanka a nan ko a ɗan shiga cikin ganyen da santimita 2 zuwa 3. Dogon sille ya fi sauƙin ɗauri da ratayewa. Abin da ba a yi shi ne shiga cikin tsohon icen da ke gindi, wanda ya yi ruwan ƙasa babu ganye a jikinsa, domin lafinta ba kasafai yake sake toho daga tsohon ice ba, kuma reshen da aka yanke har can yakan mutu ya bar gurbi. Kullum a tabbata an bar koren ganye a ƙarƙashin inda aka yanka. Idan tsiron shekararsa ta farko ke nan, furensa kaɗan ne, a cire shi da wuri don gindin ya yi ƙarfi. Cikakken girbi sai wajen shekara ta uku. Abin da aka yanka a ajiye shi a inuwa nan take, kawunan suna fuskantar gefe ɗaya, kada a tara shi tuli guda ya ɗauki zafi. Ni nakan bar gindi ɗaya ban taɓa shi ba saboda ƙudan zuma, tun da su suka riga ni sanin wurin.

Ba a wanke lafintan da za a shanya. A kama kowane ɗan dami a karkaɗe shi a hankali don ƙwari su faɗo. A Ingila akwai wani ɗan buzuzu mai ƙyalli, mai ratsin kore da shunayya, wanda ke cin ganyen lafinta, kuma a farkon lokacin zafi akan ga wani farin kumfa kamar tofin yawu a jikin sille, wanda wani ƙaramin ƙwaro ke ɓuya a ciki. A cire na farko da hannu, sillen da ke da kumfa kuma a ware shi. Daga nan a zage ganyen da ke ƙasan sillayen da yatsu biyu, daga sama zuwa ƙasa, domin ganye yana riƙe ruwa kuma daidai wurin ne ɗauri zai matse.

Girman dami shi ne inda na yi asarata ta farko. Na ga a hotuna ana rataye manyan dammuna, sai na haɗa abin da na yanka na yi ƙulli biyu masu kaurin dantse, na ɗaure tamau da zare, na rataye a ɗakin ajiya. Bayan kwana goma wajen ya bushe ƙayau, na yi murna, amma da na buɗe tsakiya sai na tarar da sillayen sun yi baƙi, wata farar fumfuna kamar auduga ta kama su, warin kuma irin na tsumman da ya kwana a jiƙe. Dole na zubar, domin abin da ya yi fumfuna ba a sa shi cikin tufafi ko kusa da hanci. Ma'aunin da nake bi yanzu shi ne damin da babban yatsa da manuniya za su zagaye shi su haɗu ba tare da matsi ba, wato sille 30 zuwa 50. A wuri mai laima a rage ma. A daidaita kawunan, a ɗaure da roba kusa da ƙarshen sillayen. Dalilin fifita roba a kan zare shi ne sillayen suna ramewa yayin da suke bushewa. Zare zai saki, a wayi gari a tarar da su a ƙasa, ita kuwa roba tana bin su tana matsewa.

A rataye dammunan kai a ƙasa, don sillayen su bushe a miƙe, a wuri mai duhu, busasshe, wanda iska ke ratsawa, a bar tazarar tafin hannu tsakanin kowane biyu. Ɗakin da ba a kwana a ciki, ko ƙarƙashin rufi, ko rumfar mota mai taga, duk sun yi. Madafa da banɗaki ba su dace ba, saboda tururi da ƙaurin girki. A nan ne sai Bahaushe ya danne abin da ya saba, domin mu shanya a wurinmu rana ce: tattasai da kuɓewa da tumatir duk a tabarma ake baza su a tsakar gida. Ragowar abin da ya tsira mini a shekarar farko haka na yi masa, na jera shi a bakin taga inda rana ke bugawa, cikin 'yan kwanaki launin ya koɗe ya koma kamar tsohuwar ciyawa, ƙamshin kuma ya tafi ya bar kaɗan. Misalin da ya dace a ɗauka shi ne na ganyen zogale, wanda masu kula suke shanyawa a inuwa don kada korensa ya tafi. Idan wurin yana da ƙura ko haske ya yi yawa, a sa kan damin cikin jakar takarda da aka huhhuda, a ɗaure bakinta a kan sillayen. Za ta tare ƙura, ta kuma tara ƙwayoyin da suka zube. Kada a yi amfani da leda ko kusa, domin tana tara gumi.

Wanda ba shi da wurin ratayewa yana iya baza sillayen a kan faifai ko raga, jeri ɗaya ba tare da sun hau juna ba, yana juya su kowace rana. Na'urar busar da 'ya'yan itace ma tana yi idan aka sa ta a mafi ƙarancin zafi, kimanin digiri 35 zuwa 40 a ma'aunin Selshiyos. Tanda kuwa ban ba da shawararta ba. Gidan zai cika da ƙamshi na awa ɗaya, kuma ƙamshin da ya cika gidan shi ne wanda ya kamata ya zauna a cikin ƙwayar.

Bushewa takan ɗauki mako 2 zuwa 4, gwargwadon laimar wurin, a busasshiyar iska kuma ƙasa da haka. A mako na farko a riƙa buɗa tsakiyar dami da yatsa ana sunsunawa. Gwajin ƙarshe a sille ake yinsa, kuma a zaro shi daga tsakiya, ba daga gefe ba: a lanƙwasa shi, idan ya karye ƙas, ya bushe, idan ya tanƙwaru kamar ɗanyen tsinke, a mayar a ƙara kwanaki. Ƙwayoyin kuma su riƙa saki da zarar an shafa su. Damin da ake so don ado a tulu ko a bango, a nan aikinsa ya ƙare, sai dai a ajiye shi nesa da taga.

Sauran kuma sai a yi musu sussuka, amma ta lallami. A shimfiɗa tsabtataccen zane ko a ɗauko babbar roba, a riƙe damin kai a ƙasa, a murza kawunan tsakanin tafukan hannu biyu kamar mai murza gyaɗa soyayya, ƙwayoyin za su zubo. Wata hanya mai tsabta ita ce a sa kawunan cikin rigar matashi a murza daga waje. Kada a daka, kada a niƙa, domin fasa ƙwayar sakin man ne tun ba a buƙace shi ba. Abin da ya zubo zai haɗa da guntayen sille da busassun furanni da gari. A tankaɗe da rariya mai ƙananan ido don garin ya fita, a tsince guntayen da hannu, sannan a ɗan bakace a faifai. A yi wannan a wuri mai iska, mai asma ko mai saurin atishawa kuma ya rufe hancinsa, don ƙurar tana da shiga.

A zuba ƙwayoyin a busasshiyar kwalba mai murfi mai kamawa, a rubuta iri da shekara a jiki, a ajiye a cikin kabad mai duhu da sanyi. A kwanaki uku na farko a riƙa duba cikin kwalbar. Idan aka ga gumi a jikin gilashin, to da sauran ruwa, a juye a faifai a ƙara shanyawa. Wanda aka adana da kyau yana riƙe ƙamshinsa shekara guda, sau da yawa har fiye. Wanda yake can gida, inda zafi da ruwan damina ke wahalar da wannan tsiro, kuma busasshe yake saya wurin masu kayan ƙamshi, da waɗannan alamomin zai auna abin da aka miƙo masa: launin ya kasance da sauran shuɗi, ƙwayoyin cikakku ba gari ba, babu warin laima, kuma idan ya murza kaɗan a tafin hannu ƙamshin ya taso sabo.

Amfani mafi sauƙi shi ne 'yan jakunkunan ƙamshi. A samo ƙyallen auduga marar kauri, irin ragowar da ke taruwa wurin tela, a yanka murabba'i biyu masu faɗin santimita 10 zuwa 12, a haɗa su, a ɗinke gefe uku, a zuba cokali 2 ko 3 na ƙwayar, a ɗinke bakin ko a ɗaure da zare. Kada a cika jakar dam, a bar wurin da ƙwayoyin za su motsa. A sa tsakanin shaddoji da zannuwan gado a akwati, ko a rataye a jikin maratayin riga. Turawa sun daɗe suna sa shi cikin kayan ulu don korar asu, kuma yana taimakawa wajen hana shi kusantowa, amma ba ya kashe tsutsar da ta riga ta shiga, saboda haka a wanke kayan su bushe kafin a adana. Idan ƙamshin ya yi sanyi bayan 'yan watanni, a matsa jakar a hannu sau biyu ko uku, zai dawo. Ana iya haɗa shi da ɗan kanumfari da kirfa da busasshen ɓawon lemo a buɗaɗɗen kwano a falo, amma a sa kanumfarin kaɗan, domin yana danne duk abin da aka haɗa shi da shi. Ƙaramar jaka a cikin rigar matashi tana da daɗi ga babba. Ba a sa ta a shimfiɗar jariri, kuma a nisanta ƙwayar da mansa daga kyanwa da kare, don yana cutar da su idan suka ci.

Don ruwan fesa wa kaya lokacin guga, a zuba tafasasshen ruwa kofi 2 a kan cokali 2 na ƙwayar, a rufe har ya huce, a tace da ƙyalle mai laushi, a ajiye a firiji a ƙarar cikin 'yan kwanaki. A fara gwadawa a gefen da ba a gani, musamman a farin yadi, don yana iya barin tabo. Mai son man shafawa kuma ya cika rabin kwalba da ƙwayar da ta bushe sarai, ya zuba man zaitun ko man kwakwa har ya rufe ta, ya ajiye mako 4 zuwa 6 yana girgizawa lokaci-lokaci, sannan ya tace. Wannan mai ne mai sanyin ƙamshi, ba shi ne tsantsar man da ake tatsa da tururi ba, kuma a fara shafa kaɗan a dantse a gani ko fata ta karɓa.

Sillayen da aka sussuke ma ba abin zubarwa ba ne. Nakan karya su gajeru-gajeru in tara a gwangwani don kaskon turare. Lafinta shi kaɗai ba zai kama ƙafar turaren wuta na icen sandal ba wajen kama ɗaki da tufafi, hayaƙinsa marar nauyi ne kuma ba ya daɗewa, amma yana gyara iskar ɗaki bayan girki. A bari garwashin ya lafa, a yayyafa masa ɗan toka, sannan a ɗora sillayen, domin a kan jan garwashi ƙonewa suke yi nan da nan su ba da ƙauri. A buɗe taga duk lokacin da aka shigo da garwashi ɗaki, kuma a gidajen Turai a yi nesa da na'urar gano hayaƙi da ke manne a silin, wadda ta taɓa tara mini maƙwabta a bakin ƙofa da magariba.

Bayan an gama girbi, wajen ƙarshen Agusta, a koma wa gindin da almakashi a cire ragowar sillayen da suka bushe a kai, a aske shi ya yi zagaye kamar kifaffiyar ƙwarya, nan ma ba tare da an taɓa tsohon ice ba. Wannan askin ne ke hana shi buɗewa a tsakiya ya zama tsirarun itace, kuma yana ba sabon toho lokacin yin ƙwari kafin sanyi ya sauko. Na ainihin da aka girbe da wuri yakan sake fitar da 'yan sillaye a watan Satumba. Gajeru ne, ba su kai na farko yawa ba, amma sukan isa jaka biyu ko uku.